Ra'ayi: Ba turbo ke kashe motocinmu ba, mu ke kashe turbo

Ɗan kawuna ya yi shekara shida yana ci-rani a Abijan. Abin da ya tara a waɗannan shekaru shi ya haɗa ya sayi Hilux ta hannu, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Lome, aka koro ta har Tasawa. Ya damƙa wa ƙanensa makulli da sharaɗi ɗaya: ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan wake da gero zuwa Maijirgi da Korgom da Urafan, abin da aka samu a ci da gida, saura a ajiye. Ranar da motar ta iso har guɗa aka yi a gidanmu.

Wata bakwai kacal ta yi tana aiki. Wata rana da yamma, a kan hanyar dawowa daga kasuwa, ta fara kuka kamar jiniya, ta turnuƙe da shuɗin hayaƙi, ƙarfinta ya mutu. Da igiya aka jawo ta gari.

Na raka yaron gareji washegari, domin ni ne aka ɗora wa nauyin yi wa mai motar bayani a waya. Bakaniken dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Bai fara taɓa turbo ɗin ba. Akwatin matatar iska ya fara buɗewa, ya zaro matatar, ya ɗaga ta saitin rana. Haske na fitowa ta wurare uku da takardar ta yage. Ya sa yatsa cikin bututun da ke bayanta, ya fito da shi jawur da ƙura mai laushi kamar garin dawa.

Na ce, "Baba, ashe gaskiya mutane ke faɗa, motar turbo ba ta ƙasarmu ba ce."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka ba jariri tuwon ƙasa ya ci ya mutu, jaririn ne ba na ƙasarmu ba?"

Tun daga ranar nake bin wannan magana, na tambayi direbobi da makanikai a Tasawa da Mayahi da Maradi, na kuma karanta abin da zan iya karantawa. Ga inda na tsaya: tsoron turbo ba zai fisshe mu ba, domin motocin da ke shigowa yanzu da yawa daga cikinsu da shi suke zuwa, kuma waɗanda ba su da shi ƙarewa suke yi. Abin da ya rage mana shi ne mu san yadda yake aiki da abin da ke kashe shi. Rashin wannan sani yana cinye dukiyar 'yan ci-rani da ta 'yan kasuwa fiye da yadda muke zato.

Mene ne turbo?

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin bayanin. Gawayi yana ci a hankali, amma da zarar yaron maƙeri ya kama zuga-zugi, sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Gawayin bai canja ba, iska aka ƙara masa.

Injin mota ma wuta ce ke tafiyar da shi. A cikin kowace silinda ana haɗa mai da iska a ƙone su, ƙarfin fashewar ya tura fistan ƙasa, wannan turawa ita ke juya tayoyi. Mai ba ya ci sai da iskar oksijin, ita kuwa kashi 21 cikin 100 ce kawai ta iskar da muke shaƙa. Injin fetur yana buƙatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai sarai. Saboda haka abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya haɗiya. Zuba mai abu ne mai sauƙi, amma in ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai za ka samu, kamar yadda muke gani a bayan tsofaffin manyan motoci in sun ɗauki kaya fiye da kima.

Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙo iska, gwargwadon faɗin silindarsa. In kana son ƙarin ƙarfi, sai ka ƙera inji mafi girma, mai nauyi, mai shan mai. Turbo shi ne zuga-zugin da ke ɗura wa ƙaramin inji iska da ƙarfi, har ya haɗiyi kusan ninki biyu na abin da zai iya zuƙa da kansa, ya ƙone ƙarin mai, ya ba da ƙarfin babban inji.

Hikimar tana wajen wanda ke zuga wutar. A maƙera yaro ake sawa. A mota kuwa hayaƙin injin ne da kansa ke yin aikin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ka saya yana fita ne ta salansa a matsayin zafi da hayaƙi, a banza. Turbo farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe guda, kowace a cikin gidanta mai kama da dodon koɗi. Hayaƙi mai zafi in ya fito daga inji sai ya bi ta farfela ta farko ya juya ta. Ita kuma ta juya sandar, sandar ta juya farfela ta biyu, wadda ke zuƙo sabuwar iska daga matata ta danna ta cikin inji. Hayaƙin da iskar ba sa haɗuwa, sandar ce kawai ta haɗa su.

Akwai mataimaka biyu. Iska in aka matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Shi ya sa ake bi da ita ta wata masanyaya mai kama da lagireto, wadda makanikai ke kira intakula, kafin ta shiga inji. Sannan akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in matsin ya yi yawa, ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙin ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba, don kada inji ya sha fiye da ƙarfinsa.

Yanzu ga lambobin da ya kamata kowane direba ya riƙe. Injin dizal a kan hanya yana juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Sandar turbo kuwa tana iya juyawa sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya, wato sau 2,500 a daƙiƙa guda. Hayaƙin da ke dukan farfelar yana kai zafin digiri 700 a injin dizal, a na fetur ya haura 900. Kuma a yawancin turbo, abin da ke raba wannan sanda da ƙarfen da take juyawa a ciki shi ne ɗan siririn shimfiɗin man inji, wanda bai kai kaurin gashi ba. Man nan shi ke hana gogayya, shi ke kwashe zafi. In ya ƙazantu, ko ya tsinke na 'yan daƙiƙoƙi, an gama.

Ba sabon abu ba ne

Wasu na ɗaukar turbo a matsayin ƙaƙale-ƙaƙalen zamani. Alhali ya girmi kakanninmu. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. A tsakiyar shekarun 1920 aka fara sa ta a injinan manyan jiragen ruwa a Jamus. A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa turbo a injin babbar motar ɗaukar kaya. Ƙananan motoci sun fara samunsa a Amurka a 1962. A 1978 Mercedes ta fitar da 300SD mai injin dizal da turbo, a 1979 kuma Peugeot ta bi da 604.

A gaskiya ma mun daɗe muna rayuwa da turbo ba mu lura ba. Tirelolin DAF da MAN da Renault da Howo na China da ke ratsa Tasawa dare da rana a kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Maradi da Damagaram, kusan dukansu da turbo suke tafiya. Wannan fito da kake ji in tirela ta ɗauki hanya, kukansa ne. Manyan janaretocin da ake dogaro da su in wuta ta ɗauke, da motocin gyaran hanya, da taraktoci da yawa, duk haka. Buhun siminti ko na shinkafa da ya iso kasuwar Mayahi, turbo ne ya turo shi mafi yawan hanya.

Abin da ya canja shi ne yanzu ya sauko cikin motocin talakawa: Hilux, Hiace, ƙananan motocin shiga. Dalili kuwa dokokin rage hayaƙi da shan mai ne a ƙasashen da ake ƙera motocin. Turai ta fara da ƙa'idar Euro 1 a 1992, ta kai Euro 6 a 2014, kowane mataki yana ƙara matsa wa kamfanoni. Hanyar da suka samu ita ce rage girman inji a ƙara masa turbo.

A ɗauki misalin da kowa ya sani a karkararmu. Injin 1HZ na Land Cruiser, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, silinda shida ne, lita 4.2, ba turbo, ƙarfinsa kusan doki 130. Injin Hilux mai lita 2.4 da ya fito a 2015, silinda huɗu ne kawai, amma da turbo da sabon tsarin fesa mai yana ba da kusan doki 150, kuma ya fi wancan ƙarfin ja nesa ba kusa ba. A 2021 Land Cruiser 300 ta ajiye babban injin V8 ta koma V6 mai turbo biyu. A 2023 ita kanta Land Cruiser 70, uwar motocin daji, an fitar da ita da inji mai silinda huɗu da turbo.

Mu kuwa abin da waɗancan ƙasashe suka gama hawa shi muke saye. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motoci na hannu miliyan 14 zuwa ƙetare, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Motar da aka ƙera a Turai shekara goma da suka wuce ita ce ke kan hanyar zuwa Maradi yau, ko ta Kwatano kamar da, ko ta Lome tun bayan rufe iyakarmu da Benin a 2023. In dizal ce, da wuya ka same ta ba turbo.

Abin da masu tsoronsa suka yi gaskiya a kai

Ba zan ce direbobin da ke gudun turbo ba su san abin da suke yi ba. Suna da hujja. Tsohon 1HZ yana da haƙuri irin na raƙumi. Zai sha gazuwal mai ɗan datti, ya yi tafiya da man inji da ya wuce lokacinsa, ya shiga rairayin Gulbin Kaba ya fita, kuma in ya tsaya bakaniken ƙauye zai tayar da shi da sifana da guduma. Injin zamani mai turbo ba ya yafe irin wannan. Kayan gyaransa sun fi tsada, wani lokaci sai an aika Maradi ko Kano, wani lokaci kuma sai an jona masa kwamfuta kafin a gane ciwonsa.

Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa duk motar turbo tana da sauƙin shan mai a kowane hali. Sauƙin yana samuwa ne in ana tuƙi da lalama. In ka lafta mata kaya ka danne totur daga Chadawa har Mayahi, ƙaramin injin zai sha mai kamar babba, domin aikin babba yake yi.

Don haka wanda motarsa ba za ta taɓa ganin kwalta ba, kullum tana tsakanin Isawan da Gidan Amumun da Atantane, in ya samu tsohuwar Land Cruiser mai lafiya ya riƙe ta, ban ga laifinsa ba. Sai dai irin waɗannan motoci ba ƙaruwa suke yi ba, tsufa suke yi, kuɗinsu kuma hawa yake yi. Matashin da zai shiga sana'ar tuƙi ko gyara a yau, mafi yawan rayuwarsa da injin turbo zai yi ta.

Kuma turbo yana da amfani na musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta watan Afrilu da Mayu, ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Injin da ke zuƙa da kansa dole ƙarfinsa ya ragu a bazara. Mai turbo yana cike wani ɓangare na wannan giɓi. Ga kuma batun kuɗin mai: a watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, a watan Yulin 2024 aka sauko da ita 618. Direban da ke yin ɗaruruwan kilomita a mako, ko lita biyu ya rage a kowace kilomita 100, ya san abin da hakan ke nufi a ƙarshen wata.

Abubuwa uku da ke kashe shi

Na farko ƙura. Wanda ya bi hanyar Kanambakashe a lokacin hunturu, a bayan wata mota, ya san abin da inji ke shaƙa. Farfelar da ke zuƙo iska da alminiyam ake yinta, fikafikanta sirara. Ƙwayar yashi da ba ta isa ta ji maka ciwo a ido ba, in ta daki fiffiken da ke juyawa sau dubbai a daƙiƙa, sai ta riƙa gurzar bakinsa har ya lalace. Da zarar farfela ta rasa daidaito, sandar za ta fara rawa, daga nan sai ta ci gidanta. Katangar da ke tsakanin turbo da ƙurar Sahel ita ce matatar iska, takarda ce kawai. Mu kuma me muke yi mata? Mu buga ta da taya, mu hura ta da famfon mai faci har takardar ta huje, wasu su wanke ta da ruwa ko fetur. Na ga wanda ya cire ta gaba ɗaya, wai mota ta fi numfashi. Matatar da ta toshe tana rage ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma wadda ta huje ita ke kashe turbo, ta ci zoben fistan a hanya.

Na biyu man inji. A tashoshinmu ana sayar da mai a galan marar suna, ana aunawa da kwalba, ba wanda ya san asalinsa. Akwai kuma galan mai suna amma abin da ke ciki jabu ne. Tsohon inji zai daure na ɗan lokaci. Turbo kuwa, wanda ke kwance kan shimfiɗin man da bai kai gashi kauri ba a cikin zafi mai tsanani, ba zai daure ba. Haka jinkirin juye, wanda muke kira bidanji. Littafin motoci da yawa yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai wahala: ƙura, zafi, kaya masu nauyi. Mu a na biyun muke, ko da yaushe. Makanikan da na yi magana da su ba sa son motar dizal da ke shiga karkara ta wuce kilomita 5,000 ba a juye mai an canja matatarsa ba. Gazuwal ɗin ruwa-ruwa da ake saye a bakin hanya, in akwai ruwa ko datti a ciki, allurai yake fara ɓatawa, su kuma in sun lalace sai ƙunar ta ɓaci, toka ta yi yawa, ta riƙa liƙewa a cikin turbo.

Na uku gaggawa, kuma wannan kyauta ake maganinta. In mota ta kwana, man ya sauka ƙasa. Direban da ya tayar da inji ya danna totur nan take, yana juya turbo ne kafin mai ya iso shi sosai. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya na haƙuri, sannan a fara tafiya a hankali, ya isa. Haka in an yi doguwar tafiya da kaya, kamar kilomita 120 ɗin da ke tsakanin Maradi da Tasawa, aka shigo tasha aka kashe inji nan take: famfon mai ya tsaya, turbo yana da zafi kamar garwashi, man da ya rage a cikinsa sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyar. A bar inji ya yi minti biyu ko uku a tsaye kafin a kashe. Mafi muni ita ce al'adar da yaran mota suka gada daga iyayen gidansu, ta taka totur sau ɗaya da ƙarfi kafin a murɗa makulli. Wannan yana tayar da turbo ya kai ƙololuwar gudu a daidai lokacin da ake yanke masa mai.

Motar ɗan kawuna duka ukun ta sha. Yaron bai yi da mugunta ba. Abin da ya koya a kan tsohuwar motar maigidansa shi ya yi wa wannan, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai bambanci.

Gyaran gangar Abzinawa

Ɓarnar ba ta tsayawa a mutuwar turbo na farko. Sau da yawa mota in ta rasa ƙarfi ko ta yi hayaƙi, sai a yanke hukunci kai tsaye cewa turbo ne, alhali wataƙila robar da ke kai iska ce ta tsage, ko matata ta toshe, ko wata 'yar na'ura ce ta daina aiki. Baƙin hayaƙi yawanci yana nuna ƙarancin iska ne ko matsalar allurai. Shuɗi shi ke nuna man inji na ƙonewa. A sayi turbo mai tsada a ɗaura, ciwo yana nan.

In kuma turbo ɗin ne da gaske, sai a ɗaura wani ba a nemi abin da ya kashe na farko ba. Ba a canja mai da matatu ba, ba a wanke ko canja siririn bututun da ke kai masa mai ba, ba a wanke masanyayar iska da ke cike da mai da ɓarɓashin ƙarfe ba, ba a ɗiga wa sabon mai kafin a tayar ba. Bayan 'yan makonni shi ma ya bi ɗan'uwansa, sai a ce ai turbo ba ya ƙarko. Wasu kuma sukan kwance cikinsa su haɗa da hannu. Abin da ke juyawa sau 150,000 a minti ba a daidaita shi da ido, sai da na'ura. Akwai kuma masu toshe turbo ko cire shi gaba ɗaya. Injin da aka ƙera don turbo in an raba shi da shi sai ya zama rago mai hayaƙi da shan mai, ba ya komawa irin 1HZ.

Akwai haɗari guda da kowane direban dizal ya kamata ya sani, domin ya shafi rai. In turbo ya lalace ƙwarai, man inji yana iya kwarara cikin hanyar iska, injin dizal kuma ya fara ƙona shi a matsayin abincinsa. Sai ka ga inji yana ta hawa da kansa, hayaƙi ya rufe ko'ina, ka zare makulli amma bai mutu ba. In haka ta faru a mota mai giyar hannu, a danne birki, a sa giya mafi girma, a saki kuloci don inji ya shaƙe ya mutu. In bai yiwu ba, a fitar da fasinjoji kowa ya yi nisa. Kada wanda ya kuskura ya toshe bakin iska da tafin hannu.

A kan wa nauyin yake?

Na fara da ku 'yan'uwa da ke Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya da Turai. Kafin ka sayi motar da za ka aiko gida, ka tambayi kanka wace hanya za ta bi, kuma wa zai gyara ta. Motar da ke buƙatar man inji na musamman da ba a samu ko a Maradi, ado ce kawai na wata shida. In ka saya, ka haɗo ta da matatun iska da na mai da na gazuwal na gaske, waɗanda za su kai shekara. Ka ɗauki hoton shafin littafin da ke faɗin irin man da take sha ka tura ta WhatsApp. Kuma ka ware kuɗin juye daga ribar mota tun farko. Direban da aka matsa wa ya kawo kuɗi kullum, a wajen man inji zai fara yin tsimi.

Sai makarantu. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi, muna da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Ra'ayina shi ne a ba injin dizal na zamani muhimmanci a abin da ake koyarwa, kuma a riƙa shirya gajerun horo ga makanikan da suka riga suka buɗe gareji a Tasawa da Mayahi, da Hausa, a kan injin gaske. Ƙungiyoyin direbobi na tasha ma za su iya tara yaran mota rana guda a gaya musu waɗannan abubuwa uku. Gidajen rediyon al'umma suna da fili.

Hukumomin kula da ingancin kaya su kuma su dubi man inji da ake sayarwa a kasuwanni. Jabun mai sata ce da ba a ganinta sai bayan wata uku, lokacin da mai sayarwa ya daɗe da cin kuɗinsa.

Ga matasa masu neman abin yi kuwa, ga sana'a a buɗe. Wanda ya ƙware a gano ciwon injin turbo, ya mallaki 'yar na'urar bincike, ya riƙe amana, masu motoci daga gundumomi biyu za su neme shi, su huta da jan mota zuwa Maradi ko Kano.

Wannan magana ta wuce ta masu motoci. Motar da ta mutu a rairayi tsakanin Urafan da Tasawa tana iya zama ɗauke da waken manomi da ke son kama kasuwa, tana kuma iya zama ɗauke da mace mai naƙuda da ake son kai wa asibiti cikin dare.

Ita motar ɗan kawuna ta yi wata biyu a gareji kafin a haɗa kuɗin wani turbo. Mai ita ya ɗage dawowarsa gida da shekara guda don ya cike giɓin. Dattijon bakaniken bai ɗaura sabon ba sai da ya sa aka sayo matatu da mai na kirki, ya wanke bututu da masanyaya, ya kuma zaunar da yaron ya yi masa karatu. Yanzu in ya shigo tasha yakan bar injin yana aiki, ya sauko ya kwance igiyar kaya, ya gaisa da mutane, sannan ya koma ya kashe. Abokansa na yi masa dariya wai yana ɓarnar mai. Ranar da na je Tasawa kwanan baya shi ya ɗauke ni daga tasha, motar tana nan lafiya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin da 'yan'uwanmu ke nemowa.